Yadda ake sauya fasalin ƙaton injin yaƙi na wasan tebur a yi masa fenti a Kumasi

Wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake jera 'yan sojojin roba, a auna tazara da tef, a jefa ɗan lido don a san ko harbi ya samu, ya fi kafuwa a Ingila da Amurka. A cikin masu labarin yaƙin sararin samaniya, wanda ya fi suna shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fara fitowa a 1987. Sojansa na ƙasa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. Amma a bayan waɗannan ƙanana akwai ƙattai: injinan yaƙi masu tafiya da ƙafa biyu irin Imperial Knight, wanda aka fitar da na robarsa a 2014, tsayinsa kusan taƙi guda, da Warlord Titan na rezin (wata irin roba mai tauri da ake zubawa a mazubi), wanda ya haura rabin mita, da mutanen wasan Inquisitor na 2001, waɗanda aka zuba da ƙarfe a ma'aunin milimita 54. A kan irin waɗannan za mu yi magana, musamman injina masu ƙafa.

Wanda ya saba da ƙananan yakan ɗauka aikin ɗaya ne, fenti kawai za a ƙara. Ina! Ƙaramin soja yana rufa wa mai shi asiri, ƙato kuwa tonawa yake yi. Layin zubi, wato siririn tudun da mazubi ke bari a jikin roba, da aka bari ba a kankare ba, sawun buroshi a kan faffaɗan sulke, ƙafar da ba ta taka ƙasa sosai ba, duk daga bakin ƙofa ake hango su. Ga kuma nauyi: hannun da gam kaɗai ya riƙe, ranar wasa zai faɗo. Shi ya sa mafi yawan wannan aiki yake ƙarewa tun ba a buɗe kwalbar fenti ba.

Akwai ma dalilin da ya sa injina suka fi sauƙin zama a gidajenmu na zango. Ba su da fuska, ƙarfe ne bisa ƙarfe, don haka ba a cika samun dattijo ya tsuke fuska ba in ya gan su a kan kabad. Hukuncin siffar mai rai kuwa, wannan fagen malamai ne.

Abin saye da abin tsinta

Kwalin asali na kamfani, mai ɗauke da ɓangarorin da za ka haɗa, yana da tsada, ga kuɗin aiko da shi, ga na kwastan. In kana da ɗan'uwa a Landan da zai sako maka a akwati, madalla. In babu, akwai hanyoyi. Kamfanin Bandai na Japan yana yin injinan Gundam na haɗawa tun 1980. Na ma'aunin 1/144 yakan kai santimita 13, na 1/100 kuma wajen 18, kuma ƙashinsu yana da gaɓoɓi masu motsi, abin da ke sauƙaƙa sauya tsayuwa. Tankar yaƙi ta ma'aunin 1/48 tana dacewa da sojan milimita 28, ta 1/35 kuma ta fi kusa da na 54. Sannan ga kayan wasan yara na gwanjo a kasuwar Kejetia, inda lokaci-lokaci akan ci karo da injin da ya rasa hannu ko kai, wanda dama kai ba ruwanka da su tunda sababbi za ka yi masa.

Sai dai ka duba irin robar kafin ka biya. In akwai alamar kusurwa uku a jikinta, lamba 6 ita ce wadda muke so, irin da ake yin kayan cikin kwalayen asali da ita, gam ɗin roba yana narkar da fuskarta ya haɗe ɓangarori biyu su zama ɗaya. Lamba 5 da lamba 2, masu santsi a hannu irin ta bokiti da jarka, ba gam ba fenti da ke zama a kansu da daɗi. In babu lamba, ɗiga gam ɗin roba a wani lungu. In wurin ya yi danƙo, ka samu.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai tsinin reza da ruwanta na canji, ƙaramin zarto mai siririn baki, magagari ƙanana, hantsaki, da mahujin hannu mai baki na milimita 1 da na 2. Gam iri uku: na roba, irin na Tamiya ko Revell, sufa gulu don rezin da ƙarfe da duk abin da ba jinsi ɗaya ba, da farin gam na kafintoci don ƙasa da yashi. Samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, wadda ake gogawa da ruwa, ka neme ta wajen masu sayar da kayan fentin mota a Suame Magazine, a nan ma za ka samu firaima ta gwangwani (fentin shafen farko da ake fesawa) da tef ɗin takarda da foti na cike rami. Fentin akirilik da na mai da buroshi kuwa, wuraren da ɗaliban zane na jami'ar KNUST suke sayayya su ne wurin tambaya. Fentin Citadel ko Vallejo ya fi laushin gari, ba musu, amma akirilik na bututu mai kyau yana yin aikin ƙaton inji in an tsarma shi daidai.

Wanki da kankara

Rezin yana zuwa da maiƙon da aka shafa wa mazubi, in ba ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori ba, fenti zai riƙa ɓarewa. Abin gwanjo ma haka, saboda maiƙon hannu. Ɓangaren rezin da ya tanƙware, tsoma shi a ruwan zafi har ya yi laushi, miƙe shi, ka saka a ruwan sanyi. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, saboda haka da ruwa ake goge shi, da takunkumi a hanci, a waje.

Layin zubi da bayan wuƙa ake kankare shi, a tsaye, ba da kaifin ba. Bi kowane ɓangare a gaban taga, ka juya shi haske ya kwanta a kansa. Bakin bindiga kuma huda shi, ko da zurfin milimita biyu ne. Bindiga mai toshashshen baki a jikin ƙato ba ta da kyan gani.

Tsayuwa

A nan ne aikin yake. Yawancin kwalaye tsayuwa ɗaya suke bayarwa, ƙafa biyu a ware, hannu biyu a gaba, kowa nasa iri ɗaya da na maƙwabcinsa. Sauya fasali yana farawa da tambaya guda: me injin nan yake yi a wannan daƙiƙa? Takawa yake, ko ya dafe don harbi, ko ya juyo ne don ya ji motsi a bayansa? Ka zaɓi ɗaya. Wanda ya so ya haɗa uku zai ƙare da abin da ke rawa.

In kana son ka gane yadda nauyi ke zama a jiki, tsaya a Kejetia ka kalli ɗan dako da ya ɗauko buhun masara. Ƙafar da ke ɗauke da kaya a shimfiɗe take, duk tafinta a ƙasa, kuma gangar jiki a kanta take. Kwankwason wannan gefe ya ɗan ɗaga, kafaɗar gefen ta ɗan sauka. Ƙafar baya dunduniyarta a sama, yatsu a lanƙwashe. Inji mai nauyin tan ɗari haka ya kamata ya taka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa ƙafa gaba a bar ƙugu a miƙe sambal, sai abin ya zama ba ya tafiya, ba ya tsaye.

Kafin ka yanka komai, haɗa shi da danƙon Blu Tack, ka ɗauki hotonsa da waya ta gaba da gefe da baya. Sannan ka juya hoton, hagu ta koma dama. Ido yakan saba da karkata ya daina ganinta, amma in aka juya masa sai ya farga. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ka kuma ɗora shi a bakin taga ka kalli baƙar inuwarsa kaɗai: in ba a gane abin da yake yi daga inuwar, fenti ba zai gyara ba.

Yanka daga ƙasa yake farawa. Idon sawu, gwiwa, kwankwaso, sannan ƙugu. A gwiwa, sa zarto ka bi tsakiyar gaɓar, inda ƙarfe biyu suke haɗuwa, kada ka ratsa ta kan sulke. In za ka ƙara lanƙwasa, cire 'yar tsaga mai siffar yankan kankana daga bayan gwiwar. In za ka miƙe ta, cusa guntun roba a wurin. Kaɗan-kaɗan ake cirewa ana gwadawa, don abin da aka yanke ya tafi ke nan. Fistin da ke gefen ƙafa su ma dole su bi: na gefen da ya matse ya gajarta, na gefen da ya buɗe ya ƙara tsawo. Yanke sandar tsohon, ka huda gidansa, ka zura sabuwar sanda ta roba ko ta tagulla gwargwadon sabon tsawon. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su bar fistin yana lilo bai taɓa komai ba.

Duk gaɓar da ka yanka, sai ka dasa mata waya a ciki. Ga ƙananan wurare, kilif ɗin takarda da ramin milimita 1 sun isa. Ga kwankwaso da gwiwar ƙato, musamman na rezin, sifokin keke ya fi, kaurinsa milimita 2 ne kuma ba ya lanƙwashewa. Huda gefe ɗaya zurfin kamar santimita ɗaya, sa guntuwar waya ta leƙo kaɗan, ɗiga jan fenti a bakinta, ka danna ɗaya gefen a kai yadda za su zauna. Inda jan ya taɓa, nan za ka huda rami na biyu. Sannan ka sa doguwar wayar da sufa gulu. In gaɓar tana son juyawa, waya biyu a jere ke hana ta.

Hattara da sufa gulu a garin nan. Danshin iska ne ke busar da shi, mu kuwa ba mu rasa danshi ba, don haka yana kamawa da wuri, wani lokaci ya bar farin hazo a gefen wurin. Ɗigo kaɗan ya isa. Kada ka goge shi da auduga ko tsumman atamfa, don yana ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa.

Manna ƙafafu a faifan da zai tsaya a kai tukuna, su bushe su kwana, kafin ka ɗora gangar jiki. Kai shi ne na ƙarshe, kuma inda bindiga ta nufa nan zai duba, sai in da gangan kake son ya waiga.

Ƙarin kaya da cike giɓi

Masu gyaran waya a PZ da ke Adum suna zubar da abin da mu muke nema: matattun allunan waya, ƙananan sukurori, wayar iyafis, 'yan sifiku. Ka yi wa mai shago magana da ladabi, "Maigida, in akwai matattun da za a zubar a ajiye mini," yawanci ba ya gagara. Bututun biro yana zama bakin igwa, cikin laita yana ba da 'yan ƙafafun inji, kan cokalin roba na cin shinkafa yana zama sulken kafaɗa, ragar taga ta sauro tana zama murfin iska, tsohon katin banki kuma farantin ƙarfe, amma shi da sufa gulu ake manna shi. Kan ƙusa a jikin sulke, ɗigon farin gam ne da bakin tsinken sakace, a jere, tazara ɗaya.

Kada dai ka lulluɓe shi da tarkace. Ka tara ƙananan abubuwa a gaɓoɓi da bayan inji da ƙarƙashin hammata, ka bar faranti manya a sarari, ido ya samu wurin hutawa, fenti ya samu wurin magana. Kowane kebul kuma ya fito daga wani wuri ya shiga wani wuri, ya kuma rataya ƙasa yadda nauyinsa zai ja shi.

Abin da ke sa inji ya zama ƙato ba tsayinsa a tef ba ne, abin da ke jikinsa mai girman mutum ne. Ƙofa ɗaya mai tsayin kamar milimita 35, tsani na wayar sitefula mai matakai a tazarar milimita 5 ko 6, ɗan marikin hannu kusa da mazaunin matuƙi. Da zarar ido ya ga inda mutum zai taka, ya riga ya auna sauran da kansa. Wannan ne ke raba abin wasan yara da aka fente da injin yaƙi, kuma bai ci kuɗi ba.

Giɓi kuwa, ƙullun haɗi iri biyu ne aka fi sani. Milliput, wanda ake yi a Wales, ana kwaɓa rabi da rabi, ana lallaɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa, in ya bushe ya zama dutse, yana gogewa da samfefa. Shi ne na sulke da kusurwa masu kaifi. Ɗayan shi ne Kneadatite, mai zare shuɗi da rawaya da ake murzawa har su koma kore. Yana bushewa da ɗan taushi, ba ya son samfefa, amma ya fi kyau ga tuta da igiya da fata. Zafi yana gaggauta bushewarsu, saboda haka kaɗan za ka riƙa kwaɓawa, sauran ka ajiye a firji. Ƙaramar tsaga, sufa gulu da ɗan barbaɗin bekin soda suna cike ta nan take, sai dai ka goge da wuri, don in ta jima ta fi robar tauri. Fotin masu fentin mota yana yi wa faffaɗan wuri, a shafa shi siriri, don mai kauri yana iya cin roba.

Maganaɗisu

Hannuwa da ƙugu sun fi kyau a bar su a kan maganaɗisu, don canza makami da kuma sauƙin ɗauka. Ƙananan masu ƙarfi, masu sheƙin azurfa, na faɗin milimita 6 zuwa 8 da kaurin 2 ko 3 su ne na kafaɗa; ana samun irinsu a matattun sifiku in ba a samu na saye ba. Dokar ɗaya ce: ka ware maganaɗisu guda ka manna shi a kan sanda, ka shafa wa fuskarsa fenti, da shi za ka riƙa gwada kowane sabo kafin gam ya taɓa shi. In ba haka ba, wata rana hannu zai ƙi kafaɗarsa, ciro shi kuwa sai an fasa. Hannu mai doguwar igwa yakan sunkuya, sai ka ƙara 'yar waya a gefen maganaɗisun ta shiga rami. Kuma ka nisanta su da yara ƙwarai; yaron da ya haɗiye biyu, suna iya kamo hanji tsakaninsu, maganar asibiti ce ta gaggawa.

Firaima da iskar Kumasi

Kada ka manna sulke a jikin ƙashi tukuna. Ƙashi daban, faranti daban, makamai daban, kowanne a manne a kan tsinken tsire ko murfin kwalba don hannu kada ya taɓa shi. Wuraren da gam zai zauna daga baya, rufe su da ɗan danƙo.

Umarnin da ke jikin gwangwani ba don garinmu aka rubuta shi ba. Muna da damina biyu, daga Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, kuma ko ba a yi ruwa ba iskar asuba a jiƙe take. Feshi a irin wannan iska yakan fito da fari-fari ko gurje-gurje. Ka jira rana ta ɗaga ta kori danshi, tsakanin azahar da la'asar, ka fesa a inuwa inda iska ke ratsawa. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar juyawa take yi: iska ta bushe har fenti yana bushewa tun bai isa jikin abin ba, ya sauka kamar gari, ga ƙura tana jiran jiƙaƙƙen wuri. Lokacin sai ka ɗan matso da gwangwani, kuma kana gamawa ka kife kwali ko baho a kai. Ko a wane lokaci, gwada a kan ragowar roba tukuna. Kada kuma ka shanya shi a rana don sauri. Rezin da siririyar roba tanƙwarewa suke yi.

Girgiza gwangwani minti biyu cikakku. Tazara santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya, ka fara danna kafin ka iso jikinsa, ka saki bayan ka wuce. Firaimar mota tana da zafi, in ta taru a wuri ɗaya takan ci fuskar roba, don haka shafe biyu ko uku marasa kauri, da hutun kamar rubu'in awa a tsakani. Bayan shafen farko za ka ga duk tsagar da ka ɗauka ka cike. Koma ka gyara, ka sake fesawa.

In kana da gwangwani uku, ga dabara mai rage aiki: baƙi ko'ina, ruwan toka daga sama a karkace, fari kaɗan daga tsakar ka. Haske da inuwa sun riga sun zauna ke nan kafin launi ya zo.

Launi

Ƙashi ba ya cin lokaci. A kan baƙi, ɗebi fentin ruwan ƙarfe mai duhu da babban buroshi, ka goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka riƙa sharar ƙashin da shi, sai tudu ya ɗauka, kwari ya zauna baƙi. Sandunan fistin azurfa mai haske, wasu bututu ruwan tagulla don a samu bambanci. Shi ke nan.

Sulke ne mai wuya, saboda faɗinsa. Launi biyu manya da ɗaya ƙarami sun wadatar. Tsarma fenti da ruwa har ya riƙa kwanciya da kansa, ka yi amfani da buroshi mai faɗi, shafe uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, kana sauya alƙiblar hannu. Na farko zai yi muni, haka yake. Kada ka koma kansa yana jiƙe. Don fenti kada ya bushe maka a faranti, sa jiƙaƙƙen soso a robar tekawe, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka riƙa kwaɓawa a nan. Ka riƙa canza ruwan, don a wannan danshi funfuna ba ta jira.

Wanda ba shi da ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresa, soso ya ishe shi, kuma shi ba ruwansa da ɗauke wuta. Yanki soson kwalliya, ɗebi launin da ya ɗan fi na ƙasa haske, rage shi a takarda, ka riƙa daddanna saman farantin kana saukowa kana sassauta hannu. Ƙara haske, ka rage faɗin wurin. Sakamakon yana da ɗan gurje irin na ƙarfen da aka zuba, wanda a ganina ya fi santsin feshi dacewa da injin yaƙi.

Rawaya da ja ba sa rufe baƙi. Sa fari ko ruwan hoda a ƙarƙashinsu. Ratsin gargaɗi na rawaya da baƙi, rawaya ake fara yi, a manna tef, a danna bakinsa da tsinke, a ƙara shafa rawaya a gefen tef ɗin don ya toshe kafa, sannan baƙi. Lamba da suna a kafaɗa, duba yadda masu rubutun jikin tirotiro suke zana harafi mai kauri da inuwa a gefe ɗaya. Babu abin da ya hana injinka ya ɗauki "Sai Haƙuri" a ƙirji. In sitikar ruwa za ka sa, irin wadda ake jiƙawa a zame ta a kan sulke, shafa banish mai sheƙi a wurin tukuna, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari.

Tsufa

Kafin wannan mataki, je Magazine ka ɗauki hotunan tsohuwar tifa da katafila. Lura da inda fenti ya ɓare: bakin ƙofa, kusurwa, matakala, inda hannu da kaya ke gogawa. Tsatsa daga kan ƙusa take gangarowa, a miƙe, tana sirancewa. Baƙin mai a gaɓoɓi yake taruwa, toka a bakin salansa. Tsakiyar faranti yawanci lafiyarsa lau.

Ɓarewar fenti da yagaggen soson katifa ake yi, a riƙe da hantsaki, da fenti ruwan makuba mai duhu, a rage shi sosai a takarda kafin a taɓa. Girman tabon shi ke faɗin girman injin. A wannan ma'auni tabon milimita 5 ya kai faɗin tire a jikin na gaske. Saboda haka yawancinsu su zama ɗigo-ɗigo, manyan 'yan kaɗan. A ƙarƙashin wasu, ja siririn layi da launin sulken mai haske, sai tabon ya yi zurfi. A cikin mafi girma, ɗigon azurfa.

Sai ka fesa banish mai sheƙi ko'ina, ya kwana. Kwaɓa fentin mai ruwan ƙasa mai duhu da ɗan baƙi, ka tsarma da wayit sifirit, ruwan tsarma fentin mai, har ya zama ruwa-ruwa, ka taɓa bakin buroshi a tsaga, zai bi layin da kansa. Bar shi kamar rabin awa, ka share abin da ya haura da soson kwalliya ko audugar kunne, kana ja daga sama zuwa ƙasa. Zubar tsatsa, ɗigon ruwan goro ne a ƙarƙashin ƙusa, a ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan danshin sifirit. Daɗin fentin mai shi ne yana ba ka lokaci, abin da bai yi ba ka goge. Amma tinar masu fentin mota ba ta shiga nan ko kusa, narkar da roba take yi. Ko wayit sifirit ɗin ma, in ya taru a gaɓar robar Bandai da ba a rufe da banish ba, yana sa ta tsage. A damina ka ba mai kwana biyu ko uku ya bushe.

Ƙura ce ta ƙarshe, kuma muna da ta fi ta kanti: jar ƙasar Asante. Ɗebo busasshiya, soya ta a tsohon kasko don ƙwayoyin cikinta su mutu, daka, ka tankaɗe da ƙyallen rariya mai laushi. Shafa ta da busasshen buroshi a tafin ƙafa da ƙwauri, tana raguwa kafin gwiwa. In ta kai kafaɗa, injin ya koma ƙarami. Ɗigon sifirit daga bakin buroshi yana zaunar da ita.

Faifai da ɗauka

Wayar da ke cikin ƙafar da ke ɗauke da nauyi ta ratsa faifan ta fito ƙasa, a lanƙwasa ta, a binne da Milliput. Manna wasu wasoshin ƙarfe a ƙarƙashi don kada ya kife. A sama, farin gam da yashi da tsakuwa iri-iri, a fente su, a shafa musu jar ƙasar da ke ƙafar, sannan ka ɗan tara ƙasa a gefen tafin don a ga ya nutse. Ganga ɗaya ko karyayyen turken fitila ya isa.

Yanzu ne za ka manna sulke a ƙashi, bayan ka kankare fenti daga inda gam zai zauna. Rufe duka da banish marar sheƙi, a yini mai bushewa, an gwada a wani abu tukuna, don a nan ne farin hazo ya fi ɓata wa mutane aikin wata guda. Fitilu da gilashin matuƙi da sandunan fistin, mayar musu da sheƙi da buroshi.

In da shi za ka yi wasa, faɗin faifai da tsayin jiki su yi daidai da na asalin da yake wakilta, domin da su ake auna tazara da ganin abokin gaba, kuma ka nuna wa abokin wasanka wane makami ne wane tun kafin a jefa ɗan lido. Wajen ɗauka, cire hannuwa da gangar jiki ka naɗe kowanne a tsumma mai laushi, ka manna maganaɗisu biyu ko uku a ƙarƙashin faifai, ka tsayar da ƙafafun a cikin gwangwanin biskit na ƙarfe. Ko a firagiya daga Aboabo zuwa Tafo ba za su motsa ba. A gida kuma ka sa shi a kabad mai gilashi nesa da taga, ƙurar hunturu ka riƙa share ta da busasshen buroshin kwalliya, ban da jiƙaƙƙen tsumma.